Darasi na Bakwai: Garken da Ya Rasa Hanya

A zamanin da ake yaƙi da doki da takobi, babbar garkuwar da barde ke taƙama da ita ba da fatar sa ake yin ta ba. Daga arewa ake kawo fatar, ta hannun Buzaye da fataken Agadas. Fatar wata dabbar daji ce fara, mai jan wuya da ƙirji, mai ƙahoni biyu dogaye da suka lanƙwashe baya, kowanne ya kai mita guda. Hausawa na kiranta mariri, wasu su ce warwaji. Wanda ya je kallon hawan daba ya ga 'yan lifidi da kayan yaƙin da, ya ga ragowar wannan zamani, sai dai ita dabbar da kanta babu ta a dajin Nijeriya ko na Nijar.

Mariri dabbar tafiya ce. Idan damina ta sauka sai garken ya nausa arewa zuwa gefen Sahara, inda ɗanyar ciyawa ke tsirowa na 'yan makonni kawai. Idan rani ya kankama sai ya gangaro kudu, inda akwai inuwar ƙaya da sauran ganye. Yana iya yin watanni bai sa baki a ruwa ba, domin abin da yake samu daga ciyawar asuba mai raɓa da saiwoyi da gunar daji ya ishe shi. A shekarar 1936 an ga garke guda a ƙasar Chadi da aka ƙiyasta ya kai dabbobi 10,000. Shekara hamsin bayan haka sai 'yan tsiraru, kuma a shekarar 2000 ƙungiyar IUCN, wadda ke riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta bayyana cewa mariri ya ƙare a daji, saura na gidajen ajiye namun daji kaɗai.

Wannan darasi zai duba yadda hakan ta faru, da dalilin da ya sa irinsa ke faruwa yanzu a ƙasashen ƙanƙara na can ƙuryar arewacin duniya. Abin lura tun daga farko shi ne, dabbar da ke ƙaura rayuwarta na rataye da wurare biyu ko uku da kuma hanyar da ta haɗa su. Ko an tsare mata wuri guda, in an datse hanyar, garken zai lalace.

Yadda garke ke ƙarewa

Mutanen Sahel sun yi ƙarnoni suna farautar mariri da tarko da karnuka da raƙuma, bai ƙare ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne zuwan mota mai shiga rairayi da bindiga mai jigida. A filin da babu itace babu dutse, dabba ba ta da maɓoya. Mota za ta bi garke har ya gaji ya tsaya, mutum ɗaya ya kashe a yini abin da a da ƙauye guda ba zai kashe a shekara ba. Yaƙin basasar Chadi na shekarun 1970 da 1980 ya watsa makamai a daidai yankin da garkunan ƙarshe suke.

Sai kuma fari. Dattawa a Unguwar Shanu ta nan Kaduna da suka taso daga ƙasar Katsina ko Daura ko Damagaram ba sa buƙatar a ba su labarin farin da ya kai maƙura a 1973, da wanda ya biyo baya a 1984. Dabbobin gida sun mutu ba adadi, na daji ma haka. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan a tsakiyar shekarun 1980.

Akwai dalili na uku da ba a cika ambatonsa ba, domin alheri ne ya haifar da shi. Tun daga shekarun 1950 aka shiga gina rijiyoyin siminti masu zurfi da na burtsatse a yankin makiyaya na Nijar da Chadi. Kafin nan akwai filaye masu faɗi da shanu ba sa iya zama cikinsu da rani saboda rashin mashaya, kuma waɗannan filaye su ne rumbun mariri da barewa da jimina. Da ruwa ya samu, shanu da tumaki suka zauna shekara cur, ciyawar da a da ke jiran namun daji ta ƙare tun kafin su iso. Daga kudu kuma gonaki na ta matsowa. A 1961 gwamnatin Nijar ta yi doka ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta arewa, amma ƙasar da a lokacin take da mutum miliyan 3 da ɗoriya yau ta haura miliyan 25, kuma gonakin gero sun daɗe da tsallake wannan layi. Ba daidai ba ne a ɗora wa manomi ko makiyayi laifin neman abinci. Abin da ya ɓace a tsarin shi ne tunanin bar wa dabbar daji hanyar wucewa.

Daga Termit zuwa Birnin Gwari

Mariri yana da ɗan uwa da ya fi shi jure hamada, mai murɗaɗɗun ƙahoni da faffaɗan kofato na taka rairayi, wanda masana ke kira adaks. Mafakarsa ta ƙarshe ita ce duwatsun Termit da saharar Tin Tumma a gabashin Nijar. A 2012 gwamnati ta mayar da yankin gandun daji mai faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka. Sai dai a gefensa ne ake haƙar man Agadem, wanda ake tacewa a matatar Damagaram tun 2011. Hanyoyin mota suka ratsa rairayin, ma'aikata da masu gadi ɗauke da makamai suka shigo. A 2010 an ƙiyasta adaks kimanin 200 a wurin. A watan Maris na 2016 masu bincike suka zagaya ta sama da jirgi, suka bi ta ƙasa da mota, guda uku kacal suka gani. Girman gandu a takarda bai hana komai ba.

Kusa da gida, labarin na giwa ne. A shekarun 1980 da 1990 giwaye na kai da kawowa tsakanin dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi da dazuzzukan ƙasar Katsina da Zamfara, ba ruwansu da kan iyaka. Yau an daina ganinsu a can. A jihar Kaduna akwai gandun dajin Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936, aka ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a 1999, faɗinsa murabba'in kilomita 1,120. Yana maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Zamfara, kuma an san giwaye da ratsawa tsakanin biyun. Shekarun da 'yan bindiga suka yi suna zaune a waɗannan dazuzzuka sun kori ma'aikatan gandu daga sintiri, sun hana masu ƙidaya shiga. Yankari ta jihar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956, ita ce ke riƙe da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya, amma gonaki sun kewaye ta. Duk lokacin da giwa ta bi tsohuwar hanyarta ta fita, cikin dawar wani take faɗawa, kuma manomin da aka tattake masa noman shekara a dare ɗaya yana da gaskiyar yin fushi.

A ƙasar Mali, giwayen Gurma har yanzu suna yin zagayensu na shekara a fili mai faɗin murabba'in kilomita 32,000, daga tafkunan arewa da rani zuwa kan iyakar Burkina Faso da damina. Sun nuna irin faɗin ƙasar da garke ke buƙata idan ruwa ya yi ƙaranci.

Can ƙasar ƙanƙara

A arewacin Kanada da Alaska da Rasha akwai wata dabba mai suna karibu. Girmanta ya ɗara na barewa nesa, tana da gashi mai kauri, ƙahoninta masu rassa ne, kuma mace da namiji duk suna da su. Ƙasar da take rayuwa fili ne fetal, sanyinsa ya hana itatuwa girma. Kowace shekara idan ƙanƙara ta fara narkewa, matan da ke da ciki su ke jan gaba zuwa arewa, wajen gaɓar teku, inda kusan dukkansu ke haihuwa cikin 'yan kwanaki a watan Yuni. Haihuwa a lokaci ɗaya dabara ce ta tsira, domin kyarkeci da sauran maciya nama ba za su iya cinye 'ya'ya dubbai a mako guda ba. Idan sanyi ya dawo sai garken ya koma kudu cikin daji. Wasu garkunan na yin tafiyar da ta haura kilomita 1,000 zuwa da dawowa, suna iyo a manyan koguna.

Abincinta na lokacin sanyi wani irin gansakuka ne fari-fari da ke shimfiɗe a ƙasa da kan duwatsu. Dusar ƙanƙara kan rufe shi, amma karibu na jin ƙanshinsa ta ƙarƙashi. Sai ta sa kofaton gaba, mai faɗi da kaifin baki, ta yi ta tono har ta buɗe rami, ta cusa kai ta ci, ta matsa gaba ta sake wani. Muddin dusar na da laushi, wannan aiki ba ya gagara. Matsala na zuwa ne idan iska ta yi ɗumi a tsakiyar lokacin sanyi aka yi ruwan sama maimakon dusa. Ruwan ya jiƙa dusar, daren ya yi sanyi, komai ya daskare ya zama kamar daɓen siminti. Dabba na tsaye a kan abincinta, tana jin ƙanshinsa, kofatonta ya kasa fasawa. A ƙarshen 2013 irin wannan ya faru a yankin Yamal na Rasha, makiyayan ƙabilar Nenets, waɗanda ke kiwon irin wannan dabba a matsayin ta gida, suka yi asarar kimanin 61,000.

Irin wannan ruwa na ƙaruwa ne domin yankin na ɗumama fiye da ko'ina. Binciken da aka buga a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 ɗumamarsa ta kusan ninka ta sauran duniya sau huɗu. Zafin bazara na ƙara yawan sauro da wasu ƙudaje masu saka ƙwai a fatar dabba da cikin hancinta. Garke kan wuni yana gudun cizo maimakon kiwo, uwa ta shiga sanyi ba kitse, ta yi ɓari ko ta haifi ɗan da ba zai yi rai ba. Ƙananan itatuwa kuma na mamaye filayen gansakuka, gobarar daji na ƙone wanda ke kudu, shi kuwa yakan ɗauki shekaru da dama kafin ya sake tsirowa.

Alƙaluman na da tayar da hankali. Hukumar NOAA ta Amurka ta ba da rahoto a 2018 cewa karibu masu ƙaura sun ragu daga miliyan 4.7 zuwa miliyan 2.1 cikin shekara ashirin. Garken Bathurst na arewacin Kanada ya kai kimanin 470,000 a 1986, ƙidayar 2021 ta samu 6,240. Garken Kogin George na yankin Kebek da Labrador ya kusan 800,000 a farkon shekarun 1990, ya faɗo zuwa 5,500 a 2018. A Alaska, garken yamma ya sauko daga 490,000 a 2003 zuwa 152,000 a 2023.

Dole a faɗi cewa yawan karibu dama yana hawa da sauka a tsawon shekaru, kuma dattawan ƙabilun yankin sun san da haka tun kafin masana. Abin tsoro a wannan karon shi ne ƙasar da garken zai farfaɗo a cikinta ba ita ce ta da ba. A tsakiyar hanyar garken Bathurst an buɗe mahaƙar lu'ulu'u ta Ekati a 1998, ta Diavik a 2003, da titunan manyan motoci, kuma bincike ya nuna dabbobin na kauce wa mahaƙun da tazarar kilomita 14. Ga ƙabilun Dene da Inuwit na yankin, karibu shi ne nama, shi ne tufa, shi ne takalmi da tanti. Tun 2015 aka hana farautar garken Bathurst a mafi yawan yankin da yake kiwo, mutanen da kakanninsu suka rayu a kansa suka koma sayen naman da jirgi ke kawowa da tsada.

Ba duka garkunan ne suka faɗi a waɗancan shekaru ba. Garken Porcupine, wanda ke ratsa kan iyakar Alaska da Kanada, ya kai 218,000 a 2017. Ƙasashen biyu sun sa hannu a yarjejeniyar kare shi tun 1987, filin haihuwarsa na cikin gandun da aka daɗe ba a taɓa ba, kuma mutanen Gwich'in sun shafe shekaru suna adawa da shirin haƙar mai a wurin.

Waɗanda suka dawo

A Nijar ma akwai labari mai daɗi. Raƙumin dawa na Afirka ta Yamma, wanda a da ake samu daga Senegal har Tafkin Chadi, ya ragu zuwa 49 a 1996, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Ba a cikin gandu mai shinge suke ba. Da damina suna kan tudu cikin ƙananan itatuwa, da rani su sauko kwarin Dallol Bosso su ci ganyen gawo a cikin gonakin mutane. Gwamnati ta tsaurara hana kisa, ƙungiyoyi suka taimaka wa ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan basussuka, matasa suka zama masu yi wa baƙi jagora. Kafin 2018 sun haura 600.

A watan Nuwamba na 2018 aka kama takwas daga cikinsu. An harbe su da allurar barci, aka rufe musu ido, aka tashe su tsaye da igiyoyi, aka ajiye su makonni a wani shinge har suka saba da mutane da ƙarar mota. Daga nan aka ɗora su a babbar mota mai buɗaɗɗen sama, kawunansu na leƙowa, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 ana lallaɓawa ƙarƙashin wayoyin lantarki, har gandun Gadabeji da ke ƙasar Dakoro a jihar Maraɗi, wanda aka keɓe tun 1955. A lokacin, kusan shekara hamsin ke nan rabon wurin da raƙumin dawa.

Shi ma mariri an dawo da shi. A 2016 aka ɗauko guda 25 a jirgin sama daga Abu Dhabi, jikokin waɗanda aka kama shekaru da dama da suka wuce, aka sake su a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim na Chadi, an rataya musu na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam. Sun hayayyafa, kuma a Disambar 2023 IUCN ta cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Aikin ya ci kuɗi masu yawa, kuma ya yiwu ne domin filin na nan a buɗe, ba shinge, makiyayan yankin kuma sun yarda su zauna tare da dabbar.

Garken da ya rage

Babban garken da har yanzu ke bin ruwan sama a ƙasar Hausa shi ne na shanu. Bafulatani da ke tashi daga mashekari ya yi kudu da rani, ya dawo arewa idan damina ta kori shanunsa da ƙudan tsando da laka, yana bin lissafin da mariri ke bi ne. A Nijar makiyaya na haɗuwa a Ingal duk watan Satumba domin dabbobi su lashi ƙasa mai gishiri. Wannan tafiya ita ce hanyar cin amfanin ƙasar da ruwanta ba shi da tabbas, kuma naman da ake saya a kasuwar Kawo ko Zangon Tudun Wada mafi yawansa daga irin wannan kiwo ya fito.

A nan Kaduna, a zauren Lugard Hall da ba shi da nisa da Unguwar Shanu, majalisar Jihar Arewa take zama lokacin da aka yi dokar wuraren kiwo ta 1965. Daga baya an lissafa wuraren kiwo 415 a Nijeriya, ciki har da na Laduga a ƙasar Kachiya, amma kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai aka tabbatar da su a doka. Burtalin da ke haɗa su kuwa, a wurare da yawa gonaki da gidaje da tituna sun cinye shi, fadamun da shanu ke sha da rani sun zama lambuna. Ƙasashen ECOWAS sun amince da ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi a 1998, Nijar ta yi dokar kiwo a 2010 wadda ta amince da 'yancin makiyayi na tafiya, kuma a jihar Maraɗi an kafa turakun siminti a gefen wasu burtalai domin manomi da makiyayi su san iyakarsu. Inda aka yi haka da shawarar hakimai da ardo-ardo da manoma, rigima ta ragu. Inda burtali ya toshe, shanu na shiga gona, abin da ke biyo baya kuwa mutanen jihar Kaduna sun san shi fiye da yadda littafi zai faɗa.

Tambayoyi

1. Ta yaya rijiyoyin burtsatse suka taimaki makiyaya, suka kuma cutar da mariri?
2. Me ke faruwa da karibu idan aka yi ruwan sama a kan dusar ƙanƙara?
3. Me ya sa raƙuman dawa na Kure suka ƙaru alhali ba a cikin shinge suke ba?
4. Ɗalibai su tambayi wani dattijo ko dattijuwa sunayen namun dajin da ake gani a garinsu na asali lokacin ƙuruciyarsu, da inda burtalin garin ya bi, su rubuto abin da suka ji, su kawo aji a mako mai zuwa.